RA'AYINMU: IDAN MAI TSARONKA YA ZAMA ABIN TSORONKA

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a tsakanin ɗalibai, a ɗakunan kwana da bakin kanti da wurin cin abinci, amma da wuya a ji wani ya ɗaga murya ya yi ta a zauren taron ƙungiya ko a gaban malamai. Tambayar kuwa ita ce: idan ɗan sanda ya auna ka da bindiga ba bisa haƙƙi ba, ka kuma tabbata harbi zai yi, shin kana da ikon ka kare kanka, ko da kariyar za ta kai ga jikkata shi ko halaka shi? Ko kuwa kakin da ke jikinsa ya ɗaure maka hannu, sai dai ka yi kalmar shahada ka jira? Mun san wasu za su ce wannan magana ba ta dace da mujallar ɗalibai ba, wai tunzura jama'a ne. Mu kuwa a namu ganin, maganar da ake raɗawa a lungu ta fi wadda aka baje a faifai haɗari, domin a lungu babu mai gyara wa mai zafin kai kuskurensa. Saboda haka za mu baje ta.

Wanda duk ya san tarihin jami'o'in ƙasar nan ba zai yi mamakin wannan tambaya ba. Ran 1 ga watan Fabrairu na 1971, 'yan sanda suka shiga Jami'ar Badun don kashe wata rigima da ta tashi a kan sha'anin abinci, suka buɗe wuta, Kunle Adepeju ya faɗi. Shi ake ɗauka ɗalibin jami'a na farko da harsashin hukuma ya kashe a Nijeriya. Cikin Afrilun 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka fito suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. A Ikko 'yan sanda suka kashe Akintunde Ojo, a Samaru kuwa sojoji ne suka yi harbin. Shekara 8 bayan haka, ran 23 ga watan Mayu na 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka sake zubar da jini a Jami'ar Ahmadu Bello. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, cikinsu har da ɗaliba Farida Mustapha. Ɗalibai suka ce adadin ya wuce haka. Duk waɗannan an kafa musu kwamitin bincike, an yi zama, an rubuta rahoto, an rufe makaranta, an kori shugabannin ɗalibai. Wanda ya danna kunamar bindiga dai shi ne kullum ba a jin ɗuriyarsa.

Kada kuma mu ɗauka ɗalibi ne kaɗai ke shan wannan. Gaskiya ma dai ɗalibi gata gare shi, tun da in an kashe shi jarida za ta buga sunansa. Manoman Bakolori, can wajen Talata Mafara, da aka gina madatsar ruwa a kan gonakinsu suka tare hanya suna neman diyya, an aika musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin Afrilun 1980. Lissafin hukuma bai kai mutum 30 ba, amma mutanen wurin da masu binciken da suka bi sawu sun ce ɗaruruwa ne. Wane ne a cikinmu zai iya kawo sunan mutum biyar daga cikinsu?

Tushen abin ya girmi dukkanmu, ya girmi ƙasar ma kanta. Rundunar da ta zama 'yan sandan Nijeriya a 1930 ta samo asali ne daga 'yan dakarun da Turawa suka kafa a Ikko wajen 1861 zuwa 1863, waɗanda yawancinsu Hausawa ne, har aka riƙa kiransu da sunan Gwamna Glover. An zaɓo baƙi da gangan don su riƙe wa Bature garin da ba nasu ba, ba su da ɗan'uwa a cikinsa balle su ji nauyin wani. A Arewa kuma ga dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda iyayenmu ke ba da labarin kulkinsu a lokacin haraji da lokacin siyasa, har sai da mulkin soja ya haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Ran 18 ga watan Nuwamba na 1949, a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Inugu, wani hafsan 'yan sanda Bature ya sa aka buɗe wa leburori masu neman haƙƙinsu wuta, 21 suka mutu. An sauke tutar Ingila a 1960, an canja kaki, an canja hula, amma tunanin cewa aikin ɗan sanda shi ne tsare mai mulki daga talaka bai bi jirgin Turawa ba.

To, me doka ta ce? Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin rayuwa. Amma abin da ya bayar da hannun dama, ƙaramin sashe na 2 ya karɓe kusan rabinsa da hannun hagu. A nan aka ce ba za a ɗauka an tauye wa mutum wannan haƙƙi ba idan ya mutu sanadiyyar ƙarfin da doka ta yarda da shi, wanda kuma ya zama dole, a wajen kare wani mutum ko kare dukiya, ko wajen kama mai laifi ko hana tsararre gudu, ko wajen murƙushe tarzoma da tawaye. A lura da kalmar dukiya, a kuma lura da kalmar gudu. Watau a takarda, ran ɗan Adam yana iya tafiya saboda kaya, ko saboda ya ba ƙafa iska. A kan wannan ne tsohon Umurni na 237 na rundunar 'yan sanda ya ginu, wanda ya ba su damar harbin wanda ake zargi da babban laifi in ya gudu. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Philip Alston, da ya ziyarci ƙasar nan a 2005, ya soki wannan umurni ƙwarai. Sai a 2019 aka yi masa gyara. An gyara umurni, amma sashen Tsarin Mulkin da ya haife shi yana nan yadda yake.

Abin da duniya ta amince da shi kuwa a fili yake. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a taronta na birnin Habana a 1990 sun ce ɗan sanda ba zai yi harbi da niyyar kisa ba sai in babu wata hanya ko kaɗan ta ceton rai. Rai kaɗai ake fansa da rai. Amurka ma, inda 'yan sanda kan harbe mutum kimanin 1,000 a shekara, wadda kuwa ba abin koyi ba ce a wannan fanni, Kotun Ƙolinta ta yanke hukunci tun 1985 cewa gudu kaɗai ba dalilin harbi ba ne. Shari'ar ta taso ne daga wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, da ɗan sanda ya harba a ƙeya a garin Memphis cikin 1974 yana ƙoƙarin haura shinge. Abin da aka samu a jikinsa dala 10 ne da jakar hannu.

A nan gida kuwa mun haddace kalmomin da ke biyo bayan harbi kamar karatun allo. Ko dai a ce bindiga ce ta tashi da kanta, ko a ce ɗan fashi ne ya yi musayar wuta, ko a ce ya yi yunƙurin tserewa a kan hanyar kai shi ya nuna maɓoyar abokansa. Daren 7 ga watan Yuni na 2005, 'yan sanda a Abuja suka kashe wasu samari 5 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo tare da wata budurwa, gari ya waye aka ce 'yan fashi ne. Ba don 'yan'uwansu 'yan kasuwa sun tashi tsaye ba, da maganar ta mutu a nan. Kwamitin binciken da aka kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ya gano cewa makaman da aka nuna tare da gawarwakin ɗora musu aka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan rami sai da aka shekara 12 ana bin sa: a watan Maris na 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa 'yan sanda 2 hukuncin kisa, ya sallami 3.

Yanzu sai mu komo ga tambayarmu. Mutane da yawa, har da masu ilmi, sun ɗauka doka ta haramta ɗaga wa ɗan sanda hannu ko ta halin ƙaƙa. Ba haka abin yake ba. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa cikin 1960, wadda aka kwaikwayo daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860, ta yi magana a kan kare kai tun daga sashe na 59 zuwa waɗanda ke biye da shi, kuma jihohin da suka yi wa tasu kwaskwarima ba su rushe wannan gini ba. Taƙaitaccen abin da ta tsara shi ne: kowa yana da ikon kare jikinsa da jikin waninsa, kariyar kada ta wuce gwargwadon bukata, tana iya kaiwa ga kisa idan harin ya sa mai hankali tsoron mutuwa ko mummunan rauni, ko in fyaɗe ne, ko satar mutum. Game da ma'aikacin hukuma kuwa, dokar ta ce babu ikon kare kai daga abin da ya yi da kyakkyawar niyya a bakin aikinsa, matuƙar abin bai kai ga sa tsoron mutuwa ko mummunan rauni ba. A sake karanta wannan sharaɗi a tsanake. Ma'anarsa ita ce, in har abin ya kai ga rai, kaki ba ya soke haƙƙin mai rai. Kuma ɗan sandan da ya kulle mace a caji ofis da dare ya neme ta da ƙarfi, ko wanda ya ɗora wa direba bindiga a ka saboda na goro, ba a bakin aikinsa yake ba, balle a yi zancen kyakkyawar niyya.

Malaman fikihu ma sun daɗe da tattauna hukuncin tunkuɗe maharin da ya afka wa ran mutum ko iyalinsa ko dukiyarsa, suka kuma shimfiɗa tsari mai kama da wannan: a fara da mafi sauƙi, in magana za ta tsai da shi ba a kai ga sanda, in sanda za ta tsai da shi ba a kai ga makami, in ya juya baya an daina. Hankali ma abin da ya nuna ke nan. Mun miƙa wa hukuma sandunanmu da takubbanmu ne bisa alkawarin za ta tsare mu da su. Ranar da wakilinta ya juyo da makamin ya auna marar laifi, shi ya fara warware alkawari, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Saboda haka amsarmu ga asalin tambayar ita ce: i, haƙƙin yana nan, a doka da addini da hankali.

Amma fa wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin darasi, kuma rabin ilmi a wannan fage kabari yake kai mutum. Ƙofar da doka ta buɗe ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma mu ba mu ga laifin ƙanƙantarta ba.

Kamu dabam, kisa dabam. Mafi yawan abin da ke haɗa ɗalibi da ɗan sanda ba zancen rai ba ne: a tsai da kai a shinge, a ce buɗe jaka, a karɓe waya, a ce shiga mota, a zage ka, wani lokaci har a mare ka. Duk wannan yana iya zama zalunci tsantsa, kuma yana da zafi, musamman ga saurayin da ke gaban abokansa. Sai dai zaluncin da kotu za ta iya warwarewa gobe ba ya halatta zubar da jini yau. Wanda aka kama bisa kuskure ana sakinsa, ana iya biyansa diyya. Wanda aka kashe, ko shi ko ɗan sandan, babu alƙalin da zai mai da shi. A can Amurka akwai lokacin da kotunansu suka yarda mutum ya ƙi kamun da ba ya bisa doka da ƙarfin tsiya, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar wani Ba'indiyen ƙasar mai suna John Bad Elk a 1900, amma daga baya yawancin jihohinsu sun janye wannan dama, domin sun ga bakin titi da tsakar dare ba wurin tantance halaccin sammaci ba ne. Mu ma ra'ayinmu ke nan. Wanda ya kama kokawa da mai bindiga saboda an karɓe masa waya, ya ba shi hujjar da yake nema ne kurum, kuma gobe rahoton da za a rubuta na wanda ya rayu ne.

Inda maganar ta fi wuya, kuma inda muke so hukuma ta buɗe kunne, shi ne sha'anin 'yan farin kaya. Mutum yana cikin gidansa da ƙarfe biyun dare, ko yana kan hanyar Kaduna da magariba, sai ga wasu ƙarti cikin riga da wando irin na kowa, da bindigogi, cikin motar da ba ta da lamba, suna dukan ƙofa ko suna cewa fito. A ƙasar da masu satar mutane ke sa kaki, 'yan sanda kuma ke tuɓe shi, ta yaya talaka zai bambance? Dokar Indiya, kakar tamu, ta fayyace cewa mutum ba ya rasa ikon kare kansa sai in ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa wanda ke gabansa ma'aikacin hukuma ne. Wannan adalci ne. Abin da ya faru a garin Louisville na Amurka ran 13 ga watan Maris na 2020 ya isa misali. 'Yan sanda cikin farin kaya suka fasa ƙofar wata ma'aikaciyar asibiti, Breonna Taylor, bayan tsakar dare. Saurayinta Kenneth Walker, mai lasin riƙe bindiga, ya ce bai ji sun faɗi ko su wane ne ba, ya ɗauka ɓarayi ne, ya yi harbi sau ɗaya ya sami ɗayansu a ƙafa. Su kuwa suka mayar da harsashi 32, suka kashe Breonna, wadda ba ta riƙe da komai. Aka tuhumi Walker da yunƙurin kisa, daga baya a 2021 kotu ta soke tuhumar har abada. Doka ta wanke shi ke nan. Amma a dubi abin da ya rage masa: an tabbatar masa da gaskiyarsa, an kuma binne wadda ya tashi karewa. Wanda duk ke zumuɗin wannan haƙƙi ya riƙa tunawa da lissafin nan, ɗaya da 32.

Laifin irin wannan dare yana wuyan wanda ya aiko mutane ba kaki, ba katin shaida, ba sammaci. In hukuma tana son a yi wa wakilinta biyayya, to, wajibinta ne ta sa a gane shi.

Sa'an nan akwai abin da wasu ke kira kare kai alhali kuwa ramuwa ce. Kare kai yana da lokaci, lokacin kuwa shi ne daidai sa'ad da harin ke aukuwa. Da zarar an kwana, an taru, an sayo fetur, an nufi caji ofis, sunan abin ya canja. A watan Oktoba na 2020 matasa suka fito neman a rushe rundunar SARS, kuma sun yi gaskiya, har aka ba da sanarwar rushe ta ran 11 ga watan. Bayan harbin da aka yi a mashigar Lekki ran 20 ga wata, gari ya rikice, aka bi ofisoshin 'yan sanda da wuta. Sufeto-Janar na lokacin ya ce an kashe masa mutum 22. Waɗanne ne aka kashe? Ba waɗanda suka ba da umurni ba ne, su suna gidajensu da masu gadi. Yawancinsu ƙananan jami'ai ne da tsautsayi ya sa suna bakin aiki, 'ya'yan talakawa irinmu, waɗanda watakila ba su taɓa harba bindiga a kan kowa ba. Kashe mutum saboda rigar da ke jikinsa shi ne ainihin abin da muke tuhumar su da shi, sa'ad da suke kama yaro saboda askinsa ko wayarsa.

Kuma wa ke biyan bashin? Cikin Nuwamban 1999 wasu 'yan ta'adda suka kashe 'yan sanda 12 a yankin Odi ta Jihar Bayelsa. Gwamnati ta aika da soja, aka mai da garin kufai, tsofaffi da mata da yara da ba su san hawa ba balle sauka suka ɗauki hukuncin. A 2013 kotu ta ce a biya mutanen garin diyyar Naira biliyan 37.6, amma wane kuɗi ne zai tashi matattu? Mu 'yan Arewa kuwa muna da darasin da ya fi wannan ɗaci. Ran 30 ga watan Yuli na 2009, soja suka miƙa Muhammad Yusuf ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, kafin gari ya waye ya zama gawa, ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba. Ba muna wanke shi ba ne, shi da mabiyansa sun riga sun zubar da jinin jama'a da na 'yan sanda a cikin makon. Kotu ce ya kamata ta yi masa hisabi a bainar jama'a. Waɗanda suka kashe shi sun ɗauka sun rufe littafi. Mabiyansa kuma suka mai da kisan tutar ɗaukar fansa, suka fara da 'yan sanda, suka ƙare da masallatai da majami'u da kasuwanni da makarantu. Ga kisan gilla na hukuma, ga ramuwar gayya, an haɗa su wuri guda, kuma duk wanda ya ga sansanin 'yan gudun hijira ya ga abin da suka haifa.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu wata gaskiya. Lokacin zanga-zangar 2020 da yawa a Arewa sun ɗauka rigimar 'yan Kudu ce, har gwamnonin Arewa suka nuna ba su goyon bayan rushe SARS. Da watan Agusta na 2024 ya zo, matasa suka fito kukan tsadar rayuwa, ƙungiyar Amnesty International ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Barno da Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Neja. Rundunar ta musanta. Ko ma wane lissafi mutum ya ɗauka, makokin a unguwanninmu aka yi shi.

Ba mu manta da halin da ƙaramin ɗan sanda ke ciki ba. Wanda ya taɓa leƙa bariki ya ga ɗakin da mai iyali ke kwana, ya ga rufin da ke yoyo da makwararar da ta toshe, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Rundunar da ba ta kai mutum 400,000 ba ita aka ɗora wa tsaron jama'a fiye da miliyan 200, sa'an nan shekara da shekaru ana kwashe dubbai daga cikinta su riƙe wa manya jaka da lema. Ana tura kurtu daji ya fuskanci ɓarayin da suka fi shi makami, in ya mutu matarsa ta yi ta zarya a kan haƙƙinsa. Mutumin da aka horar da shi da zagi da tsallen kwaɗo, aka ba shi bindigar yaƙi a maimakon kulki da ankwa, aka tsai da shi a rana tun asuba, ba abin mamaki ba ne ya huce a kan na ƙasa da shi. Wannan bayani ne na yadda cutar ta samu. Uzuri kuwa babu shi, domin malamin firamare ma albashinsa ba ya isarsa, bai kuwa harbi kowa ba.

To, in hannu ba shi ne mafita ba sai a wannan ƙanƙanuwar ƙofa, da me za mu kare kanmu? Da abubuwan da mai harbi ya fi tsoro, watau shaida da suna da takarda. Abin da ya tono asirin Apo taron 'yan kasuwa ne da suka ƙi yarda a binne 'yan'uwansu a ɓoye. Ran Kirsimetin 2022 wani hafsan 'yan sanda, Drambi Vandi, ya harbe wata lauya mai juna biyu, Bolanle Raheem, a unguwar Ajah ta Ikko. Akwai shaidu, ƙungiyar lauyoyi ta tsaya, kafin shekara ta zagayo, cikin Oktoban 2023, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Apo shekara 12, Ajah wata 10. Bambancin yana ga waɗanda suka tsaya a bayan mamacin, kuma abin kunya ne a ce sai lauya ce za ta sami wannan gata.

Dokokin ma akwai su, rashin sani da rashin bi ne suka kashe su. Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin yini ɗaya in akwai kotu kusa, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, abin da aka saba yi wa uwa ko ƙane in an rasa mai laifi, ta kuma umurci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata ya ga waɗanda ke tsare. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa. Wata dokar ta wannan shekara ta wajabta wa asibiti ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mutum nawa suka zubar da jini har suka cika a bakin ƙofar asibiti saboda ma'aikacin da ke aiki a daren bai san da wannan doka ba, ko ya sani ya ji tsoro?

Wannan tambaya taku ce, ya ku 'yan'uwa da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, da mu da ke biye da ku. Kisan gilla ba ya ɓoyuwa da hannun mai bindiga shi kaɗai. Sai an sami likitan da zai rubuta cewa zazzaɓi ne, da akawun da zai ɓatar da fayil, da majistaren da zai sa hannu a takardar tsarewa bai ɗaga kai ya dubi fuskar wanda aka kawo ba, da jami'in watsa labarai da zai karanta wa 'yan jarida cewa an yi musayar wuta. Duk waɗannan kujeru masu digiri ne ke zaune a kansu, kuma nan da shekara biyar wasunmu ne za su zauna.

Muna kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai da ta nemi lauyoyi ko da biyu ne daga cikin tsofaffin ɗalibai waɗanda za a iya bugawa waya ko da tsakar dare, a liƙa lambobinsu a allon sanarwa na kowane ɗakin kwana. A buɗe littafi a ofishin ƙungiya inda duk ɗalibin da aka tsare ko aka ci wa mutunci zai rubuta rana da wuri da sunan jami'in ko lambarsa da sunayen shaidu, domin ƙorafi guda ana iya share shi, amma hamsin masu kwanan wata suna da nauyi a gaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. In za a fita zanga-zanga, a naɗa masu tsare layi daga cikinmu, waɗanda za su fitar da duk wanda aka gani da dutse ko gora ko kwalbar fetur, ko ɗan wane ne, a kuma sa masu ɗaukar hoto a gaba da baya. Ɗaliban sashen shari'a kuma su rubuta wa babban majistare na wannan yanki su tambaye shi ranar da ya yi ziyararsa ta ƙarshe a caji ofis, su nemi izinin raka shi ta gaba. Sa'an nan ƙungiya ta shirya takarda zuwa ga wakilanmu a Majalisar Tarayya, a duk lokacin da aka buɗe zaman gyaran Tsarin Mulki, tana neman a cire kare dukiya da hana gudu daga cikin dalilan kisa da ke ƙaramin sashe na 2 na sashe na 33. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk amsar da ta zo, daga majistare ko daga Kwamishinan 'Yan Sanda, kuma za mu buga ta yadda aka aiko ta.